Maƙoƙo, Gajiya da Nauyin Jiki: Ko Barin Tuwo Magani Ne?

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau mun nufi yammacin Jihar Katsina, daga Batsari da Ruma da Wagini zuwa Safana da Runka da Zakka. Maganar ta shafi kowa, amma ta fi shafar iyayenmu mata da yayyenmu da ƙannenmu.

Akwai gajiyar da barci ba ya maganinta. Mace ta kwana ta tashi jiki a mace, daka ya gagare ta, tana jin sanyi a lokacin da kowa ke neman inuwa. Fata ta bushe, gashi na zuba wajen kitso, bayan gida ya yi tauri, al'ada ta rikice, ga jiki na ƙara nauyi alhali cin abincinta bai ƙaru ba. Maƙwabta su ce hutu ne ya karɓe ta, dangin miji su ce son jiki ne. Sai ranar da gaban wuya ya ɗan tasa, a ce ai maƙoƙo ne.

A gaban wuyan kowane mutum akwai wata 'yar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi, likitoci na kiranta tairod. Ita ke fitar da sinadarin da ke tsara saurin aikin jiki: bugun zuciya, ɗumin jiki, narkar da abinci, har kaifin tunani. In ta yi rauni, komai sai ya yi sanyi. A zamanin baya, babban abin da ke kumbura ta a ƙasashenmu shi ne rashin sinadarin aidin a abinci, shi ya sa tun 1993 Najeriya ta wajabta sanya aidin a gishirin ci. Amma akwai wani dalilin da gishiri ba ya maganinsa. Wani lokaci garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙar cuta, ita ce ke juyowa ta afka wa tairod tana cinye ta a hankali. Wani likita ɗan ƙasar Japan mai suna Hakaru Hashimoto ne ya fara bayyana wannan ciwo a 1912, shi ya sa ake kiransa ciwon Hashimoto. Sai a 1956 masu bincike a Landan suka gano cewa garkuwar jikin mutum ce da kanta ke ɓarnar. Mata sun fi maza kamuwa da shi ninki da dama, kuma akwai wani nau'in da kan taso wa mace a cikin shekarar da ta haihu, lokacin da kowa zai ce gajiyar jego ce kawai.

(Kiɗa kaɗan)

To, abin da ya kawo mu wannan magana shi ne wani tsarin cin abinci da ya fito daga Amurka, ya bazu a intanet, yanzu kuma yana isowa wayoyinmu ta WhatsApp da TikTok. Tsarin ya ce mai irin wannan ciwo ya bar duk wani hatsi, ya bar wake da gyaɗa da waken suya, ya bar madara da ƙwai, ya bar tumatir da tattasai da attaruhu da yalo da dankalin Turawa, ya bar sukari, ya bar 'ya'yan itace masu ɓawo da iri irin su riɗi. Bayan wasu makonni sai ya riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya, don ya gane wanne ne ke tayar masa da ciwo.

Uwar gida, ki leƙa madafinki ki lissafa. An cire gero da dawa da masara da shinkafa, ke nan babu tuwo, babu koko, babu fura. An cire wake, babu ƙosai, babu ɗanwake, babu garau-garau. An cire gyaɗa, babu ƙuli-ƙuli, babu kunun gyaɗa. An cire nono, an cire kayan miya. Abin da ya rage shi ne rogo da dankalin Hausa da ganye, sai nama da kifi kullum ga mai hali. Wa ke da wannan halin a ƙauyukan da ke bakin dajin Rugu, inda shekara da shekaru 'yan bindiga suka hana mutane noma gonakinsu na nesa, suka kore shanu, suka tilasta wa iyalai barin gidajensu? Tun 2021 ƙungiyar likitoci ta MSF ke jinyar dubban yara masu tamowa a Jihar Katsina. A irin wannan wuri, a ce wa mai shayarwa ta bar wake da gyaɗa da ƙwai da nono, ai an ɗebe mata abin da ke gina jikinta da na jaririnta. Ƙarshenta jininta ya yi ƙasa, gajiyar da take gudu ta ninka. An gudu ba a tsira ba.

Mene ne hujjar masu wannan tsari? Binciken da suka fi kafa hujja da shi an wallafa shi a Amurka a 2019. Mata 17 masu ciwon Hashimoto aka sa a tsarin na tsawon mako 10. Da aka gama sun ce sun ji sauƙi a jikinsu, kuma wannan ba abin rainawa ba ne. Sai dai da aka auna jininsu, aikin tairod bai canza ba, alamun farmakin garkuwar jiki ma ba su ragu ba. Kuma ba a kwatanta su da wasu matan da ba su bi tsarin ba, ga shi a tsawon makonnin ana ba su horo kan barci da rage damuwa da motsa jiki. Don haka ba wanda zai iya rantsewa cewa barin abincin ne ya kawo sauƙin.

Akwai wurin da maganar ke da ƙamshin gaskiya, wato alkama. Wasu mutane hanjinsu ba ya jure wani sinadari da ke cikin alkama da sha'ir, ana kiransa gulutin, ciwon kuma ana ce masa siliyak. Yana kawo zawo da kumburin ciki da ƙarancin jini, kuma ya fi yawa a cikin masu ciwon tairod na garkuwar jiki, duk da cewa 'yan kaɗan ne cikin ɗari. Su waɗannan dole su bar burodi da taliya da fanke da gurasa da alkaki da semo har abada. Amma a lura, ana gwajin ne tun mutum yana cin alkamar, in ya riga ya daina sakamakon zai iya ɓoye gaskiya. Abin farin ciki a nan shi ne gero da dawa da masara da shinkafa da acca duk babu gulutin a cikinsu. Tuwon da muka tashi da shi bai shiga wannan zargi ba ko kaɗan.

To gero fa, da rogo? Nan ya kamata mu daɗe kaɗan, domin ƙasar Batsari an san ta da noman rogo, gero kuwa shi ne ƙashin bayan gida. A shekarun 1980 an yi bincike a yankin Darfur na Sudan, aka ga maƙoƙo ya yawaita inda gero ne kusan dukan abinci kuma aidin ya yi ƙaranci. Daga baya aka gano wasu sinadarai a geron, waɗanda suka fi taruwa a dusarsa, masu rage wa tairod ƙarfin amfani da aidin. Rogo shi ma, musamman mai ɗaci, yana da guba wadda in ba a cire ta ba jiki ke mayar da ita abin da ke tare wa aidin hanya, an ga haka ƙarara a wasu yankunan Kwango. Amma a duka wuraren biyu, ɓarnar ta yi tsanani ne saboda rashin aidin. Abin yi shi ne a surfe gero, a riƙa sauya shi da dawa da masara da wake, a fere rogo a jiƙa mai ɗacin a dafa shi ya nuna sosai, a guji yawan cinsa ɗanye. A sayi gishirin leda mai aidin, a ajiye shi a rufe. Ban ce a ƙara yawan gishiri a miya ba, hawan jini na nan yana jira, kuma aidin da ya wuce kima yakan ƙara tsananta ciwon Hashimoto. Don haka a yi hattara da ƙwayoyin ƙarin aidin da ake tallatawa.

(Kiɗa kaɗan)

A ganina, inda abinci ya fi yin tasiri shi ne wajen shan magani, kuma nan ne aka fi sakaci. Idan gwaji ya nuna tairod ta yi rauni, likita kan rubuta wata 'yar ƙwaya mai suna lebotairoksin, wadda ke maye gurbin sinadarin da jiki ya kasa samarwa. Yawanci shan ta na tsawon rai ne. Ana shan ta da ruwa zalla, ciki babu komai, a jira rabin awa zuwa awa ɗaya kafin a karya. Wadda ta haɗiye ta da koko da ƙosai ta rage mata ƙarfi. Awara da madarar waken suya suna hana hanji tsotse ta yadda ya kamata. Maganin ƙarin jini da ake ba masu ciki a awo, da ƙwayar kalsiyam, da farin maganin gyambon ciki, duk sai a raba su da ita da kamar awa 4. Da azumi, a sha kafin sahur da ɗan tazara, ko lokacin kwanciya bayan awa 3 da cin abinci. Wadda kuma ta samu juna biyu, ta garzaya wurin likita da wuri, domin buƙatar jikinta na ƙaruwa, kuma ƙwaƙwalwar ɗan da ke cikinta ta dogara da wannan sinadari. Kada wani tsarin abinci ko wani mai magani ya sa ki ajiye ƙwayar nan.

Batun ƙiba, raunin tairod kan ƙara wa mutum kamar kilo 2 zuwa 5, yawancinsa ma ruwa ne da jiki ya riƙe. Abin da ya haura haka sai a duba lemon kwalba da shayi mai tarin sukari da yawan soye-soye.

Idan kuwa 'yar'uwa tana shan maganinta daidai, gwaji ya daidaita, amma tana zargin wani abinci na damun ta, to ta cire abu ɗaya tak, da sanin likita. Ta bar shi mako uku ko huɗu, ta lura da cikinta da barcinta da ƙarfin jikinta, sannan ta dawo da shi ta gani. In babu bambanci, ta ci abinta. Mai ciki da mai goyo da yaro mai tasowa ba su cikin wannan gwaji.

Kafin duk wannan, gwajin jini. Sunansa TSH, ku riƙe haruffan nan uku. Ku fara da babban asibitin Batsari ko na Dutsin-Ma, a duba ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro da ciwon sukari, domin su ma suna kawo gajiya, haka nan rashin barci da fargabar da mutanen yankin nan suka daɗe a ciki. In akwai buƙata a tura ku Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Bayan an fara magani ko an canza yawansa, ana sake gwajin cikin mako 6 zuwa 8. Maigida, ranka ya daɗe, kuɗin mota da na gwajin nan a wuyanka suke. Duk wanda kuma kumburin wuyansa ke girma da sauri, ko muryarsa ta dushe, ko haɗiya da numfashi suka fara yi masa wuya, kada ya jira ranar kasuwa.

Nan za mu dakata a shirin na yau. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)