Launukan da Babu Su a Akwatin Fenti

'Yan uwa ɗalibai, ku dubi zane-zanen da ake mannawa a allon nan: ja, kore, shuɗi, rawaya, kullum su ɗin ne. Ko hazon hunturu ya rufe sama, shuɗi muke shafa mata, domin akwatin fenti muke bi, ba abin da ido ya gani ba. Alhali a gonaki da kasuwannin Karaye da Rogo akwai launukan da kanti ba ya sayarwa.

Daga karan dafi dukawa ke samun jan da suke rina fata. Makuba, wadda magina ke haɗawa da ɓawon ɗorawa, ruwan ƙasa take bayarwa. Baba ne tushen shunin marinar Ƙofar Mata a Kano. A jiƙa bagaruwa da ƙusa mai tsatsa, ruwan zai yi baƙi, domin sinadarin da ke jeme fata ya haɗu da ƙarfe. Zoɓo kuwa, lemun tsami na ƙara masa ja, kanwa na juya shi kore-kore.

Ƙaro na taimaka wa launi ya kama takarda, kamar tawadar almajirai. Fentin ruwa na kanti ma ƙaro ke riƙe shi. A lura, zoɓo na koɗewa a rana, jar ƙasa kuwa ba ta koɗewa.

Ka ƙara sabon launi ɗaya tak a zanenka na gaba. Gwada shi a gefen takarda, ka bari ya bushe kafin ka yanke hukunci.