Nasiha Ga Masu Neman Aikin Bincike Kan Sadarwar Tauraron Ɗan'adam

Duk wanda ya taɓa kallon talabijin ta faranti da damina, hadari ya haɗo, hoto ya tsaya cik sai da ruwa ya ɗauke, to, ko da saninsa ko babu, ya ga mas'alar da injiniyoyin sadarwa suka daɗe suna fama da ita. Asalin al'amarin shi ne, zangunan rediyo na ƙasa-ƙasa sun cika maƙil, alhali buƙatar jama'a ga intanet kullum ƙaruwa take yi, don haka ba makawa sai an haura zuwa manyan zanguna, daga zangon Ku da farantan gida suke kamawa, zuwa Ka mai kaiwa gigahaz 40, har zuwa Q da V da ke sama da shi. Amma gwargwadon yadda zango ya hau, gwargwadon yadda tsawon igiyarsa yake raguwa, har ya zama a gigahaz 30 santimita ɗaya ne tak, bai fi ɗigon ruwan sama da yawa ba. Shi ya sa ruwa yake shanye saƙon, ya watsa ragowar.

Neman maganin wannan ya buɗe ƙofar aiki ga waɗanda suka gama digirin dakta. Hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba tauraron Alphasat a 2013, ɗauke da na'urar gwajin zangon Q da V wadda aka sa wa sunan masanin Italiya Aldo Paraboni, kuma tun 2022, da aka shigar da taurarin ɗan'adam cikin ƙa'idojin 5G, jami'o'i irin su Surrey ta Ingila da ta Luksambur suke ɗaukar matasan masana don ƙera eriya mai juya saƙonta ba tare da ta motsa ba, da tsara dabarun karkatar da saƙo daga tashar da ruwa ya rufe zuwa wadda sararinta ke garau.

To, sai dai wajibi ne mai nema da iyayensa su fahimci haƙiƙanin wannan matsayi na bincike bayan digirin dakta, domin jahiltarsa ta jawo wa wasu nadama. Babu wani sabon digiri a cikinsa, babu kuma tabbacin zama. Misalinsa kamar almajirin da ya karɓi ijaza, sa'an nan ya koma gaban wani shehin malami yana yi masa hidimar ilmi har ƙafarsa ta kafu. Bambancin kawai shi ne a nan ana biyan albashi, bisa yarjejeniya mai wa'adi, galibi shekara biyu ko uku, wadda take ƙarewa ranar da kuɗin binciken suka ƙare. Tallafin Marie Curie na Tarayyar Turai, duk da martabarsa, wanda ake yi a Turai bai wuce shekara biyu ba. Kujerun koyarwa na dindindin kuwa kaɗan ne ƙwarai in an kwatanta da masu nemansu, saboda haka mutum yakan yi ta ƙaura daga ƙasa zuwa ƙasa da iyalinsa, ’yan'uwa a gida suna zaton ya yi arziki, shi kuwa yana lissafin kuɗin haya. Mai hankali tun shekarar farko yake duban kamfanonin ƙera taurari da na sadarwa, inda akasarin irinsa suke ƙarewa, kuma babu aibi a cikin haka.

Akwai kuma shinge na siyasa, domin fasahar da ke kai intanet ƙauye ita ce ke yi wa soja amfani. Dokokin Amurka sun taƙaita abin da baƙo zai taɓa na wasu sassan tauraro, Ingila kuma tun 2021 ta sharɗanta wa baƙin masu bincike a irin waɗannan fannoni, har da ’yan Nijeriya da Nijar, takardar izini ta ATAS kafin biza.

Ban faɗi wannan don in karya gwiwar kowa ba. Injiniyoyin Nijeriya da aka horar a Surrey su suka haɗa NigeriaSat-X da aka harba a 2011, a shekarar ne kuma aka harba NigComSat-1R mai ɗauke da zangon Ka, Starlink kuma ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, kafin kowace ƙasa a Afirka. Bugu da ƙari, ruwan ƙasashenmu yana sauka da ƙarfi lokaci guda, ba kamar yayyafin Turai ba, alhali mafi yawan awon da aka gina lissafin duniya a kansa an yi shi ne a ƙasashen sanyi. Wanda ya auna tasirin daminarmu a kan waɗannan zanguna da tahaƙiƙi, yana riƙe da hujjar da manyan jami'o'i suke buƙata.

Saura maganar mazambata. Aikin gaskiya ana tallata shi a shafin jami'ar kanta, da sunan farfesan da ke jagorancinsa, a yi wa mutum tambayoyi kan lissafi da rubuce-rubucensa, kuma ba a karɓar ko sisi daga mai nema. Haka mujallun bogi masu buga maƙala cikin ’yan kwanaki don kuɗi, masana sun san su, ganin sunansu a takardar mutum zubar da mutunci ne. Don haka, ya kai mahaifi, idan ɗanka ya zo da wasiƙar da ke neman kuɗin rajista ko na wakili kafin a ba shi gurbin bincike, kada ka sayar da gona. Ka sa shi ya rubuta wa jami'ar kai tsaye, ku jira amsarta.