Kayan Canza Wa Jariri Ƙunzugu

Jaririn da ya yi mako guda yakan jiƙa ƙunzugu sau 6 ko fiye a kowace rana, ban da kashi. Mai jego ba ta da lokacin neman sabulu nan, buta can, alhali yaro yana kwance cikin ƙazanta. Ya fi kyau ta tara kayan a wuri guda tun kafin ta haihu. Kwando ko tsohon kwano mai murfi ya isa.

Babban abu shi ne ƙunzugun kansa. Ba dole sai na kanti ba. Tsohon zanen auduga mai laushi, in an wanke shi tas an yayyanka, yana yin aikin. A tanadi kamar guda 12, don in wasu suna kan igiya, wasu suna cikin kwando. Da damina a ƙara, domin shanya ba ta bushewa da wuri. Sai leda ta shimfiɗa a kan tabarma, da buta mai ruwan ɗumi, da sabulu, da man kaɗanya ko basilin. A ajiye tocila kusa saboda dare. Hoda ba ta cikin lissafi, don jariri yana iya shaƙar ta.

In 'ya mace ce, a wanke ta daga gaba zuwa baya, kada kashi ya shiga mafitsara. A tsane jiki, sannan a shafa mai kaɗan. Kafin cibiya ta faɗi, a naɗe ƙunzugu ƙasa da ita, kada fitsari ya taɓa ta.

Mutane da yawa suna cewa kashin jariri ba shi da lahani, tunda nono kawai yake sha. Ba haka ba ne. Yana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu kawo zawo. Saboda haka a zuba shi a masai, ba a bayan ɗaki ba, inda kaji da ƙudaje za su kai shi ga abinci. A ware bokiti ɗaya don wankin ƙunzugu, a wanke da sabulu, a shanya a rana. Uwa kuma ta wanke hannu da sabulu kafin ta ba da nono ko ta taɓa tukunya.

Idan uwa ta ga ƙunzugu ya daɗe a bushe, yaro kuma ya ƙi nono ko yana zawo, ta kai shi asibiti a ranar, kada ta jira gobe.