Kwaikwayo Kafin Aiki: Gwajin Dokokin Rabon Aiki a Kwamfuta

Akwai injuna waɗanda daidaiton amsa kaɗai ba ya isarsu, sai amsar ta zo kan wa'adi. Birkin mota na zamani da na'urar tuƙin jirgin sama suna cikinsu, domin lissafin da ya makara daidai ya ke da kuskure. Injin irin wannan kuwa ya kan ƙunshi ƙwaƙwalwa biyu ko fiye. Tilas ke nan a kafa dokar da za ta faɗi aikin da kowace za ta fara kamawa.

A 1973 Liu da Layland suka tabbatar cewa in ƙwaƙwalwa ɗaya ce, babu dokar da ta fi a fara da aikin da wa'adinsa ya fi kusa. Amma a 1978 Dhall da Liu suka nuna wannan doka tana iya tuntuɓe in ƙwaƙwalwa ta yawaita.

Ga misali. A ce maƙera biyu ne a Balan ta ƙasar Gaya, an kawo musu aiki uku, kowanne kuwa mutum ɗaya ke yinsa. Fartanya biyu, kowace aikin awa 2, ana so cikin awa 10. Sa'an nan garma, aikin awa 10, ana so cikin awa 11. In sun bi dokar nan, kowa zai ɗauki fartanya, garma ta jira awa 2, ta ƙare a awa ta 12. Ta makara, alhali maƙeri ɗaya na zaune hannu rabbana. Da ɗaya ya kama garma tun farko, da kome ya fita kan lokaci.

Aiki uku a kan lissafta da ka, amma ɗari fa? Don haka aka ƙago manhajar kwaikwayo, watau wadda ke kwatanta injin tun ba a ƙera shi ba. A Faransa an yi Cheddar a Jami'ar Brest, da STORM a Nantes, da SimSo a Toulouse a 2014. A kan ba ta ayyuka da wa'adinsu da yawan ƙwaƙwalwa, ta zana jadawali, ta nuna inda aka makara, ta ƙidaya sau nawa aka katse aiki ko aka mai da shi wata ƙwaƙwalwa.

Sai dai malamai su ja kunnen ɗalibansu. Graham ya nuna a 1969 cewa ƙara ƙwaƙwalwa, ko gajarta wani aiki, yana iya tsawaita jadawali duka. Saboda haka makara guda a kwaikwayo ta isa ta kā da doka, amma gwaji dubu da ya fita lafiya bai wanke ta ba. Wankewa sai da hujjar lissafi.