Karatun jinya na shekara ɗaya a Amurka: Lasisi ɗaya, bashi kowa da nasa

A Amurka, ɗaya daga cikin hanyoyi mafi sauri na shiga aikin asibiti shi ne kwas ɗin jinya na kimanin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wanda ya kammala, ya kuma ci jarrabawar ƙasa ta NCLEX-PN, yana samun lasisin ƙaramin ma'aikacin jinya da ake kira LPN, ko LVN a jihohin Kalifoniya da Texas.

Aikinsu ya haɗa da auna hawan jini, wanke ciwo, bai wa majinyata magani da lura da halin da suke ciki, a ƙarƙashin kulawar likita ko babbar nas. Da yawansu suna aiki ne a gidajen kula da tsofaffi.

Kwas ɗin na jan hankalin iyaye mata da baƙin da suka samu izinin zama, ciki har da 'yan Najeriya, saboda ba ya cin shekara huɗu kamar digiri. Sai dai kafin a sa hannu a takardar rance, akwai lissafin da ya kamata a zauna a yi.

Nawa ake samu?

Alƙaluman hukumar ƙididdigar ayyuka ta Amurka na watan Mayun 2023 sun nuna matsakaicin albashin ma'aikatan LPN ya kai dala 59,730 a shekara, yayin da na manyan nas-nas masu lasisin RN ya kai dala 86,070.

Wannan adadi ya haɗa har da waɗanda suka daɗe a bakin aiki. Sabon shiga yakan fara da ƙasa da haka, kuma albashin ya danganta da jihar da mutum yake. Inda ake biya da tsoka, kamar Kalifoniya, a can ne kuɗin haya ke cinye kaso mai yawa.

Inda gizo ke saƙar

Asibiti lasisi yake dubawa, ba kuɗin da aka kashe wajen samunsa ba. Wanda ya yi karatu a kwalejin al'umma ta gwamnati da wanda ya yi a makarantar kuɗi mai neman riba, jarrabawa ɗaya suke zaunawa. Amma kuɗin makarantar na biyun kan ninka na farkon sau da yawa.

A ɗauki misalin ɗalibai biyu da kowannensu ya fara aiki da dala 45,000 a shekara. Ta farko ta ci bashin dala 10,000, ta biyu dala 30,000, duka da kuɗin ruwa kashi 6.5 cikin 100, za a biya cikin shekara 10.

Ta farko za ta riƙa biyan kimanin dala 114 a wata, wato kusan kashi 3 na albashinta. Ta biyu kuwa kimanin dala 341, sama da kashi 9. Kafin ta gama, kuɗin ruwa kaɗai zai kusa kai dala 11,000.

Akwai wani tarkon kuma. Rancen gwamnatin tarayya yana da iyaka: dala 9,500 a shekarar farko ga ɗalibin da ke riƙe da kansa, dala 5,500 ga wanda ke ƙarƙashin iyaye. Idan kuɗin makaranta ya zarce haka, ragowar sau da yawa daga bankuna yake fitowa, kuma rancensu ba shi da sassaucin da na gwamnati ke da shi.

Tallafin Pell, wanda ba a biya, ya kai dala 7,395 a zangon 2024/2025 ga masu ƙaramin ƙarfi. A kwaleji mai araha yana iya ɗauke mafi yawan nauyin, a mai tsada kuwa somin-taɓi ne kawai. Waɗanda suka shiga ƙasar da bizar karatu ba su cikin masu samun wannan tallafi ko rancen gwamnati.

Ma'aunin gwamnati

A 2023 ma'aikatar ilimi ta Amurka ta fitar da ƙa'idar auna irin waɗannan kwasa-kwasan. Ta ce abin da ɗaliban da suka kammala ke biya a shekara kada ya wuce kashi 8 na albashinsu, ko kashi 20 na abin da ya rage musu bayan cire buƙatun yau da kullum. Haka kuma su fi masu shaidar sakandare kaɗai samun kuɗi a jiharsu.

An taɓa kafa irin wannan ƙa'ida a 2014, aka soke ta a 2019. Tunda dokar na sauyawa da sauyin gwamnati, ɗalibi ba zai dogara da ita kaɗai ba, amma ma'aunin kashi 8 abu ne da kowa zai iya gwadawa da kansa.

Tarihi ma ya bar darasi. Rukunin makarantun Corinthian ya durƙushe a 2015, na ITT Tech a 2016, dubban ɗalibai suka wayi gari da bashi babu takardar shaida. Sai a 2022 gwamnati ta yafe dala biliyan 5.8 ga tsofaffin ɗaliban Corinthian 560,000.

Abin dubawa kafin rajista

Shafin College Scorecard na gwamnati yana nuna bashi da albashin waɗanda suka kammala kwas a makarantu da dama. Hukumomin jinya na jihohi kuma suna wallafa sunayen makarantun da suka amince da su, da yawan ɗalibansu da ke cin jarrabawar lasisi.

Wannan adadi na ƙarshe yana da nauyi, domin wanda ya bar karatu a tsakiya ko ya kasa samun lasisi zai biya bashin nas ne da albashin da ba na nas ba, kuma a dokar Amurka da wuya kotu ta sauke wa mutum bashin karatu ko da ya tsiyace.

Ga mai burin zama RN daga baya, sai ya tambaya ko wasu kwalejoji za su karɓi darussan da ya yi. Idan ba za su karɓa ba, zai sake biyan kuɗin abin da ya riga ya karanta.

Kwalejojin gwamnati kan sa mutum jiran gurbi na watanni, su kuwa makarantun kuɗi nan take suke ɗauka. Kafin a zaɓi saurin, sai a auna watannin jiran da shekara 10 na biyan bashi.