Birkin motar ƙungiya: yadda za ka zaɓi falaket da faifai

Ɗan'uwa manomi, kaka ta albasa ta zo. Daga watan Maris zuwa Afrilu motoci ba su hutawa tsakanin garake da kasuwannin Arewa, Tunfafi da Sabon Gida. Ƙungiyoyi da yawa yanzu suna da motar kansu, Land Cruiser ko Hilux, ko kuwa suna haya. Idan kai ne magatakarda ko ma'ajin ƙungiya, wata rana direba zai zo ya ce maka: "A ba ni kuɗin birki." Ranar nan kada ka miƙa kuɗi ido rufe. Ka yi yaƙi da jahilci, ka iya karatu da lissafi. Wannan ilimi ya ishe ka ka san abin da za a saya.

Na taɓa ganin motar wata ƙungiya a gefen gangara, a hanyar da ta taso daga Buza. Buhunan albasa sun watse cikin duwatsu, yaron mota ya karye a ƙafa. Da aka kwance taya, sai aka tarar fatar falaket ta ɓalle daga ƙarfenta. Sati uku ke nan da sayenta, kuma an zaɓe ta don ta fi araha. Araha ba ta ado.

Yadda birki yake aiki

A cikin kowace tayar gaba akwai wani faifan ƙarfe mai juyawa tare da taya. Makanikai suna ce masa diski. A gefensa biyu akwai falaket biyu, kowace ƙarfe ce da aka manna wa fata mai tauri. Idan direba ya taka birki, man birki yana tura falaket su matse faifan, kamar yadda kake matse igiyar guga da hannu don kada ta zurare cikin rijiya. Ka san yadda igiya take ƙona hannu idan guga ya cika. Haka birki yake. Duk ƙarfin gudun mota yana komawa zafi.

A baya, yawancin motocin ɗaukar kaya irin Hilux suna da birkin ganga, wanda ake kira tambur. Amma birkin gaba shi ke ɗaukar mafi yawan aiki, shi ya sa ya fi saurin cinyewa.

Ga lissafin da ya kamata ka riƙe. Idan nauyi ya ninka biyu, zafin da birki zai sha ya ninka biyu. Idan gudu ya ninka biyu, zafin ya ninka huɗu. Land Cruiser ba kaya ta wuce tan 2. Babban buhun albasa yana kai kilo 100. Buhu 10 tan 1 ke nan, kuma kusan iyakar abin da aka ƙera motar ta ɗauka ke nan. Kai ka san buhu nawa ake loda mata, ban da mutanen da ke zaune a sama.

Ƙasarmu kuma ba shimfiɗaɗɗa ba ce kamar hanyar Maradi. Adar duwatsu ne da kwaruruka. Wanda ya bi Buza zuwa Keita, ko ya sauka cikin Magiya, ya san gangara. Ga ƙura, ga rairayi mai shiga tsakanin falaket da faifai yana cin su, ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40. Birkin da ya wadatar da ƙaramar mota a birni ba zai wadatar da mu ba.

Yaushe ake canzawa?

Kada ka jira sai ka ji ƙarfe yana cin ƙarfe. Ka sa makanike ya cire taya, ka duba da idonka.

Sabuwar falaket tana da fata mai kaurin milimita 10 zuwa 12. Idan ta sauka zuwa milimita 3, a canza ta. Idan ba ma'auni, jera tsinken ashana biyu: fatar da ba ta kai kaurinsu ba ta gama aiki.

Shi ma faifai yana da iyaka. Masu ƙera shi suna buga lamba a jikinsa, a baki ko a tsakiya, bayan haruffan MIN TH. Wannan lamba ita ce mafi ƙarancin kaurin da aka yarda. Makanike ya auna, kai ka karanta lambar. Idan faifai ya kai wannan iyaka, ko ya tsage, ko ya yi zurfafan kwari kamar kunya a gona, a canza shi. Faifai siriri yana saurin ɗaukar zafi, kuma yana iya fashewa. Idan sitiyari yana rawa lokacin da aka taka birki, sau da yawa faifan ne ya lalace.

Wace falaket za ka saya?

Iri uku ake samu. Akwai mai fata laushi. Ba ta ƙara, ba ta da tsada, amma tana saurin cinyewa, kuma idan ta yi zafi sai ta rage kamu. Akwai mai gaurayen ƙarfe. Tana ɗan ƙara, tana cin faifai fiye da ta farko, amma tana jure zafi da nauyi. Akwai ta seramik. Ba ta fidda baƙar ƙura sosai, tana daɗewa a motar birni, amma ba ita aka fi so ba wajen kaya mai nauyi da doguwar gangara. Ga motar da ke ɗaukar albasa, gero da taki a duwatsun Adar, mai gaurayen ƙarfe ta fi dacewa, ko kuwa ta asali wadda kamfanin motar ya yi.

Wajen faifai, saya sumul, irin wanda motar ta zo da shi, mai rami a tsakiya don iska ta ratsa. Akwai masu huje-huje a fuska, waɗanda samari ke sha'awa. Ka bar su. Laka da rairayi suna cika hujin, kuma tsagewa daga bakin huji take farawa.

Kafin ka tafi kanti

1. Ɗauki takardar mota, wadda ake kira kart giriz. A ciki akwai lambar shasi, haruffa da lambobi 17. Kwafe ta cikin littafinka. Land Cruiser iri-iri ce. Jerin da ake kira 70 ya fara fita tun 1984, kuma an sha canza birkinsa. Suna kaɗai bai isa ba.

2. Tafi da tsohuwar falaket. Aza ta kan sabuwa. Su zama daidai a tsawo, a faɗi, da wurin da suke shiga.

3. Karanta kwali, karanta bayan falaket. Lambar da ke kwali ta zama ɗaya da wadda aka buga a ƙarfe. Kayan da aka gwada bisa ƙa'idar Turai suna ɗauke da harafin E da alamar 90R. Rubutu mai goge-goge, kwali maras adireshi, fata mai ɓarɓashi idan ka karce ta da ƙusa, ko tsaga tsakanin fata da ƙarfe, duk alamun jabu ne. Ko a Madawa ka saya, ko Ƙonni, ko Maradi, ko Kano, mai kyau da jabu suna kwance kan kanta ɗaya.

4. Kada ka sayi falaket kwance. Ƙofa ko fitila ta hannu ba laifi. Falaket da wani ya rigaya ya cinye rabinta, ba ka san zafin da ta sha ba.

5. Karɓi rasit mai suna da lambar kaya.

Lokacin ɗaurawa

Ana canza hagu da dama tare. Idan aka sa sabuwa gefe ɗaya, mota za ta riƙa ja gefe in an taka birki. Haka faifai, biyu ake canzawa. Idan an sa sabon faifai, a sa masa sabuwar falaket.

Ka ce a duba man birki. A murfin gwangwaninsa an rubuta DOT 3 ko DOT 4. Abin da aka rubuta shi za a zuba. Kada a zuba man inji, ko ruwan sabulu kamar yadda wasu ke yi a daji. Man birki yana shan laima daga iska. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa tun digiri 155. Idan ya tafasa a gangara, ƙafar direba za ta nutse har ƙasa, mota ba ta tsaya ba. Don haka a canza shi duk shekara 2.

Ka gaya wa yaron makanike kada ya hura ƙurar birki da baki. Ya goge da jiƙaƙƙen tsumma. Ƙurar tana cutar huhu.

Bayan ɗaurawa

Sabuwar falaket sai ta zauna kan faifai kafin ta kama sosai. Kilomita 200 na farko a tafi sannu, ba kaya mai yawa. Saboda haka kada a canza birki da dare a yi lodi da asuba. A yi gyara sati guda kafin cirar albasa.

A gangara direba ya sa ƙaramar giya, lamba biyu ko lamba ɗaya, inji ya riƙe mota. Kada ya kashe inji ko ya saki giya don tsimin gazuwal. Idan aka ji warin ƙuna, a tsaya, a sa dutse ƙarƙashin taya, a jira. Kada a watsa wa faifai mai zafi ruwa, yana iya karkacewa ko ya tsage.

A ƙarshe, buɗe shafi ɗaya cikin littafin ƙungiya don mota. Rubuta ranar canji, kilomita nawa mota ta yi, sunan kaya, kantin da aka saya, da kuɗin. Bayan canji biyu ko uku, lissafi zai nuna maka wace falaket ta fi daɗewa, kuma wace ce mai araha ta gaskiya. A taron ƙungiya na gaba, karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wannan bayani, direba yana zaune.