Ba Ajin Kwamfuta Ne Ke Ɓata Yaro Ba

Akwai wata magana da ke yawo a ƙauyukan ƙasar Haɗeja, daga Auyo har Guri, kuma na gaji da jin ta. Wai koyon kwamfuta shi ke lalata tarbiyya: namiji ya zama ɗan damfara, mace ta fitsare. Saboda wannan magana, da zarar an ce za a fara ajin kwamfuta a makarantar gari, ko matasa sun haɗa 'yan na'urori don koyar da yara lokacin hutu, sai ka ji maigida ya ce ban da nasa. In ma ya sassauta, ya bar mazan su je, matan kuwa ko ƙofa.

Abin da ake koyarwa a ajin ba wani asiri ba ne. Kunna na'ura da kashe ta, buga rubutu, ajiye takarda a nemo ta gobe, cike fom, aika saƙo. Shi ke nan fa a matakin yara.

To, Malam, bari in tambaye ka. Babbar wayar da babban ɗanka ya dawo da ita daga ci-rani, a hannun wa take kwana? Shagon cajin waya na bakin kasuwa, inda ake tura finafinai da waƙoƙi a memori, wa yake tantance abin da ake turawa? Bayan sallar isha'i yara sun yi da'ira a gindin bishiya, kawunansu a haɗe kan waya ɗaya, babu malami, babu babba. Abin da kake tsoro ya riga ya shigo gidanka tun tuni. Ɓangaren da ka toshe shi ne kaɗai wanda yake da malami a tsaye, da lokacin shiga da na tashi, da allo a buɗe kowa na gani. Mu da muke zaune a bakin kogi mun fi kowa sanin wannan: ba a tsare yaro daga ruwa da cewa kada ya kalli kogi, iyo ake koya masa, babba na riƙe da shi.

Batun damfara kuwa, a duba su wa ake cuta. Wani ya kira dattijo ya ce daga banki yake, a karanto masa lambar da aka turo yanzu. Dattijo ya miƙa wa ɗansa waya, ɗan ya karanto, kuɗin shinkafar rani ya tafi. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 cinikin kifi da shinkafa da dabbobi ya koma tiransifa da POS, kuma bai dawo yadda yake da ba. Ana nuna wa manomi saƙon shigar kuɗi na bogi ya saki buhuna. Yarinyar da aka koya wa duba asusu ta tabbatar kuɗi sun shiga kafin a ɗora kaya a mota, ita ce mai tsaron guminka. Ka hana ta koyo, ka bar gidan babu mai gadi, sannan kana cewa tarbiyya kake karewa!

Ga kuma jarrabawa. Tun 2015 hukumar JAMB ta daina amfani da takarda da fensir gaba ɗaya. Tambaya 180 cikin awa biyu, a kan kwamfuta. WAEC ma ta fara nata a 2024 da masu zana jarrabawa daga waje. Yaro ya yi shekara shida a sakandare, ya san darasinsa, amma ranar jarrabawa ita ce ranar farko da ya zauna gaban na'ura. Hannu na rawa, agogo na tafiya. In sakamako ya fito a ce yaran ƙauye ba su da ƙoƙari. Jami'ar Sule Lamido tana nan Kafin Hausa, a ƙofar gidanmu, amma ta jarrabawar JAMB ake shigar ta. Kuma kada wani ya ce wannan ilimi na mutanen Kudu ne. Kashifu Inuwa Abdullahi, wanda aka naɗa shugaban hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, a 2019, ɗan Haɗeja ne.

Masu cewa "ai nawa ya iya, kullum yana kan TikTok" su ma su saurara. A ba shi fom ya cike sunansa da ranar haihuwarsa ba kuskure, a gani.

Na san akwai rashin wuta, da ƙarancin malamai, da ambaliya irin ta 2022 da ke rufe makarantu. Za mu zo kansu.

Iyaye, maganin zargi shi ne zuwa. Ku je ajin da kanku ku zauna a baya, ku ga abin da ake yi. Ku nemi a yi shi a ɗaki buɗaɗɗe, da rana, a jera allunan na'urori suna kallon tsakiyar aji. In hankalinku bai kwanta da cakuɗa ba, ku nemi a ware wa 'yan mata lokacinsu da malama mace. Wannan buƙata ce mai kyau, kuma ta fi hanawa. A zaɓi lokacin da bai ci karo da Islamiyya ko ranar kasuwa ba, a kuma ɗaga ƙafa lokacin girbi, in ba haka ba ajin zai watse cikin mako biyu.

Shugabannin makarantu, ku ji tsoron Allah ku buɗe sito. Kwamfutar da aka kulle don kada yara su ɓata ta, zama ma yana kashe ta: batir ya mutu, ɓera ya ci waya. Malami na zana linzamin kwamfuta a allo da alli, na gasken yana cikin kwali a ofis. Gara ta lalace a hannun yara. In biyar ce kawai, a zaunar da yara uku uku, a riƙa karɓa-karɓa da agogo, a lura kada mai ƙarfi ya danne na'ura sauran su zama 'yan kallo. Ƙaramar kwamfutar cinya ba ta cin wuta sosai, faifan sola da batir sun ishe ta. A rufe su da zane saboda ƙurar hunturu, kuma a garuruwan da ruwa ke ci a yi musu kanta mai tsawo, ko a kwashe su zuwa tudu tun farkon Agusta.

A fara da Hausa. Yaro ya buga sunansa, sunan garinsu, wasiƙa zuwa ga kakarsa, lissafin buhun da aka samu bana. Duk wannan ba ya buƙatar intanet. Inda akwai sabis, manhajar Nigeria Learning Passport, wadda gwamnatin tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, kyauta ce. Malamai kuma muna da su: 'ya'yanmu da ke karatu a kwalejin Binyaminu Usman da jami'ar Kafin Hausa suna dawowa hutu su zauna a majalisa. Dagaci da limami su kira su, ƙungiyar iyaye da malamai ta ɗauki nauyin ɗan abin sabulu.

Tun ranar farko a kafa wa yara doka: lambar sirri da lambar da banki ya turo ba a faɗa wa kowa, hoto ba a tura wa wanda ba a sani ba, abin da ya tsorata ka a nuna wa babba ba tare da fargabar duka ba. 'Yan ajin ƙarshe na sakandare kuwa, a yi musu rajistar jarrabawar gwaji ta JAMB, a haɗa kuɗin mota a kai su cibiyar su zauna a kujerar kafin ranar ta gaske.